Yadda ake kwatanta ƙarfin hanyoyin nazarin awon da aka maimaita a kan mutum ɗaya

A watan Rajab da ya wuce, wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu a fannin jinya a nan Jidda ta zo wurina tare da yayanta, ta buɗe kwamfutarta a kan tabarma bayan sallar isha'i, ta nuna mini wata lamba a G*Power, manhajar da ke lissafa yawan mutanen da bincike ke buƙata. Ta ce, "Malam, mutum 24 ya ba ni, amma mai duba aikina ya ce bai yarda ba, ni kuma ban ga inda na yi kuskure ba." Bincikenta a kan masu hawan jini ne da ke yin azumi. Za ta raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rukuni ɗaya a koya masa yadda zai tsara shan magani tsakanin buɗe-baki da sahur, ɗayan kuma a bar shi a kan kulawar da ya saba, sannan ta auna jinin kowa sau huɗu: ƙarshen Sha'aban, goma ga Ramadan, ashirin da biyar ga Ramadan, da mako uku bayan Sallah. Na ce mata, "Malama, manhajar ba ta yi miki ƙarya ba, tambayar da kika yi mata ce ba tambayarki ba." Abin da muka bi a daren nan da kwanakin da suka biyo baya shi na tsara a nan, domin irin wannan bincike, wanda malaman jami'o'in ƙasar nan ke kira al-ƙiyasat al-mutakarrira, ya yi yawa a hannun ɗalibanmu na fannin lafiya da tarbiyya da noma.

Ƙarfin gwaji shi ne damar da hanyar nazari take da ita ta gano bambanci idan da gaske bambancin yana nan. Neyman da Pearson ne suka kafa tunanin a tsakanin 1928 da 1933, Jacob Cohen kuma ya yaɗa al'adar neman kashi 80 cikin ɗari, wato a cikin bincike biyar iri ɗaya a yarda guda ya wuce bai ga abin da ke gabansa ba. Idan sau ɗaya aka auna kowane mutum, lissafin ba ya da wuya. Da zarar an maimaita awo, sai hanyoyin nazari su zama biyar ko shida, kowace da ƙarfinta, kuma babu wadda ke kan gaba a kowane hali. Wanda ya ce maka hanya kaza ta fi kowace ƙarfi, tambaye shi a wace irin alaƙa, da mutum nawa, da kuma wane irin bambanci.

Mataki na farko: a rubuta tambayar da jimla ɗaya

Tambayoyi uku ne ke ɓoye a cikin binciken ɗalibar nan, kuma ba ta ware su ba. Akwai tambayar ko rukunonin biyu sun bambanta a rana ta ashirin da biyar, lokacin da gajiyar azumi da tsayuwar dare suka taru. Akwai tambayar ko matsakaicin jininsu a duk tsawon watan ya bambanta. Akwai kuma tambayar ko yadda jinin ke hawa da sauka daga Sha'aban zuwa Shawwal ya sha bamban tsakanin rukunonin, ko da ta wace fuska ce. Lambar 24 amsar tambaya ta uku ce, bisa zaton da manhajar ke zuwa da shi: girman tasiri 0.25, wato girman bambancin idan an gwada shi da warwatsuwar awon, alaƙa 0.5 tsakanin kowane awo biyu, wato gwargwadon yadda suke tafiya tare a ma'auni daga sifili zuwa ɗaya, da cikakkun bayanai ba tare da ko mutum ɗaya ya yi fashi ba. Ita kuwa da muka tattauna, sai ta gane ta farko ce damuwarta. Wannan rarrabewa tana da tasiri a kan ƙarfi fiye da zaɓin manhaja, domin gwajin da ke neman bambanci ta kowace fuska yana rarraba ƙarfinsa ne gida uku, shi kuwa wanda aka saita a kan kwatance guda yana tara shi wuri ɗaya.

Mataki na biyu: a tanadi lambobi huɗu

Lamba ta farko ita ce mafi ƙanƙantar bambancin da likita zai damu da shi, ba wanda mai bincike ke fatan gani ba. Ta biyu ita ce ma'aunin warwatsuwar awon a tsakanin mutane, abin da ake kira inhiraf mi'iyari da Larabci. Mu ɗauka, don misali, bambancin maki 7 ne a lambar sama ta hawan jini, ma'aunin warwatsuwa kuma 14, wanda ya ba da girman tasiri 0.5, matsakaici a ma'aunin Cohen.

Ta uku ita ce wadda ake yawan tsallakewa, alhali ita ce ginshiƙin lamarin: alaƙar da ke tsakanin awon mutum na yau da nasa na gaba. Ba lamba ɗaya ba ce, jadawali ne. Siffa mafi sauƙi ita ce a ce alaƙar iri ɗaya ce tsakanin kowane awo biyu, kusa ko nesa. Amma a jikin ɗan Adam abin da aka fi gani shi ne alaƙar tana raguwa gwargwadon tazarar lokaci. Idan ta kasance 0.7 tsakanin awo biyu maƙwabta, kuma tana raguwa da ninki, to tsakanin na farko da na uku za ta zama 0.49, tsakanin na farko da na huɗu kuma 0.34. A binciken azumi ma abin ya fi haka sarƙaƙiya, tunda tazarar ba daidai take ba, kuma awo biyun da ke cikin Ramadan sun fi kama da juna domin barci da cin abinci da shan ruwa duk sun sauya tare. Ana samo waɗannan lambobi daga binciken da aka wallafa a kan awo irinsa, ko daga tsofaffin fayilolin asibiti idan an sami izini, ko daga ɗan gwajin share fage. Idan ba a samu ba, sai a ɗauki ƙima uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, a gwada duka.

Ta huɗu ita ce yawan waɗanda za su yi fashi da kuma dalilinsu. Duk wanda ya zauna a Jidda ya san goman ƙarshe: wannan ya tafi Makka i'itikafi, wancan yana Madina, bayan Sallah kuma wasu sun tafi gida hutu. Ko da a kowane zama kashi 10 cikin ɗari ne kawai ba su zo ba, kuma fashin nasu ba ya da nasaba da juna, waɗanda za su cika zama huɗun ba su kai kashi 66 cikin ɗari ba. Daga mutum 60, kusan 39 ne za su rage wa hanyar da ba ta karɓar bayanai masu giɓi.

Mataki na uku: a san halin kowace hanya kafin a gwada ta

Tsohuwar hanya, wadda ɗalibai suka fi sani saboda tana kusa da hannu a manhajar SPSS, ita ce ANOVA ta awon da aka maimaita, wato kwatanta matsakaita ta hanyar rarrabe warwatsuwa. Tana da ƙarfi ƙwarai idan sharaɗinta ya cika, wato warwatsuwar bambancin da ke tsakanin kowane awo biyu ta zama ɗaya, sharaɗin da ake kira sferisiti. George Box ya nuna a 1954 yadda ake auna kaucewa daga sharaɗin da wata lamba mai suna efsilon, wadda take 1 idan komai daidai ne, kuma ba ta sauka ƙasa da ɗaya bisa adadin awo ban da ɗaya, wato 0.33 ga awo huɗu. Alaƙar nan mai raguwa daga 0.7 zuwa 0.34 tana ba da efsilon kusan 0.77. Idan sharaɗin ya karye aka kuma yi biris, gwajin zai riƙa cewa ya ga bambanci fiye da sau biyar cikin ɗari a inda babu komai, sai ya yi kama da mai ƙarfi alhali saurin yanke hukunci ne kawai. Gyaran Greenhouse da Geisser na 1959 yana ninka darajojin 'yanci, wato lambobi biyun da ke nuna yawan bayanan da gwajin ya dogara a kansu, da efsilon don ya danne wannan. A rukuni guda mai mutum 30 da awo huɗu, darajojin 3 da 87 ne, idan efsilon 0.6 ne sai su koma 1.8 da 52.2. Gyaran yana yin tsauri fiye da kima idan efsilon na kusa da 1, shi ya sa Huynh da Feldt suka kawo nasu mai sassauci a 1976, kuma shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bi na farko idan efsilon bai kai 0.75 ba.

A nan zan ɗan ratse. Ɗalibai da yawa suna duba gwajin Mauchly, wanda ya fito a 1940 daga hannun John Mauchly don duba ko sharaɗin sferisiti ya cika, idan bai nuna matsala ba sai su ɗauki sakamakon da ba a gyara ba. Ba na ba da wannan shawara, saboda gwajin ba ya ganin karyewar sharaɗi idan mutane kaɗan ne, daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, idan kuma mutane suna da yawa yakan yi kururuwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

MANOVA, hanyar da ke duba awon gaba ɗaya a dunƙule, wadda ta samo asali daga aikin Hotelling na 1931, ba ruwanta da sferisiti, amma tana biyan kuɗin wannan 'yanci da darajojin 'yanci: a misalin mutum 30 ɗin nan, 3 da 27 kawai za ta samu. Idan efsilon ya yi ƙasa sosai kuma mutane suna da yawa, takan iya fin gyararriyar ANOVA ƙarfi nesa ba kusa ba, musamman idan bambancin ya faɗo a tsakanin awo biyu masu alaƙa mai ƙarfi. Idan kuwa yawan mutanen bai zarce adadin awo da aƙalla goma ba, gara a bar ta. Ita da ANOVA duka suna jefar da duk wanda ya yi fashi ko da sau ɗaya ne.

Tsarin gauraye, wanda Laird da Ware suka daidaita a 1982, shi ne ke amfani da kowane awo da aka samu, ya karɓi tazarar lokaci marar daidaito, ya kuma bar mai bincike ya zaɓi siffar alaƙa. Yana nan a nlme da lme4 na manhajar R, da PROC MIXED na SAS, da kuma cikin SPSS da Stata. Fifikonsa yana bayyana ne idan akwai giɓi, kuma sakamakonsa yana tsayawa daidai matuƙar fashin ya danganta ne da abin da aka riga aka auna, misali wanda jininsa ya hau a awo na biyu shi ne ya daina zuwa. Wannan rarrabewa ta dalilan ɓacewar bayanai Donald Rubin ne ya fito da ita a 1976. Amma yana da tarko biyu. Idan aka zaɓi siffar alaƙa mai sauƙi alhali ta gaskiya ba haka take ba, zai yi saurin hukunci kamar ANOVA marar gyara. Idan kuma aka bar alaƙar a sake, sai ya ƙiyasta lambobi 10 ga awo huɗu, 36 ga awo takwas, wanda ya yi wa ƙaramin bincike nauyi. Saboda haka idan mutane ba su da yawa, dole a haɗa shi da gyaran Kenward da Roger na 1997, ko aƙalla na Satterthwaite.

Wata hanya mai suna GEE, ta Liang da Zeger, 1986, ta fi amfani idan sakamakon na e ko a'a ne, kamar a ce jini ya daidaita ko bai daidaita ba. Idan mutane ba su kai arba'in ba takan ƙanƙanta kuskurenta, sai an yi mata gyara irin na Mancl da DeRouen na 2001, kuma a siffarta ta asali tana so fashi ya zama na tsautsayi tsantsa. Gwajin Friedman na 1937, mai aiki da jerin matsayi, na rukuni guda ne, kuma idan bayanai suna bin rabon da aka saba, ingancinsa a awo huɗu kusan kashi 76 cikin ɗari ne na ANOVA.

Saura hanyar da ake rainawa saboda sauƙinta: a taƙaita awon kowane mutum zuwa lamba ɗaya, matsakaici ko gangara ko awon ranar da aka damu da ita, sannan a kwatanta rukunoni ana la'akari da awon farko, wato ANCOVA. Frison da Pocock sun nuna ƙarfin wannan a 1992, kuma a ra'ayina ita ce ma'aunin da ya kamata sauran su doke kafin a ɗauke su.

Mataki na huɗu: a fara da biro da takarda

Ga girman tasiri 0.5, da iyakar kuskure 0.05 ta ɓangare biyu, wato yarda da sau biyar cikin ɗari a ce an ga bambanci ta kowane ɓangare alhali babu, da ƙarfi kashi 80, kwatanta awon ƙarshe kaɗai yana buƙatar mutum 64 a kowane rukuni. Idan za a kwatanta sauyi, wato awon ƙarshe a cire na farko, sai a ninka 64 da biyu, a sake ninkawa da abin da ya rage idan an cire alaƙar daga ɗaya. Idan ANCOVA ce, sai a ninka alaƙar da kanta, a cire daga ɗaya, a ninka da 64. Da alaƙa 0.7, sauyi yana buƙatar kusan 39, ANCOVA 33. Da alaƙa 0.3, sauyi ya koma 90, ya fi rashin amfani da awon farko gaba ɗaya muni, ANCOVA kuma tana kan 59. A 0.5 ne sauyi da awon ƙarshe suke kunnen doki. Da na jera mata waɗannan a bayan takardar daftarinta, yayan nata, wanda akanta ne, shi ya fara lura cewa ANCOVA ba ta taɓa zama ta baya a layukan uku ba.

Lissafin hannu yana kuma nuna iyakar amfanin ƙara yawan awo. Idan alaƙar 0.7 ce ko'ina, ɗaukar matsakaicin awo biyu yana sauko da warwatsuwa zuwa 0.85 na asalinta, awo huɗu 0.78, awo takwas 0.74, kuma ko sau ɗari aka auna ba za ta sauka ƙasa da 0.7 ba. Wahalar da mai azumi da zuwa asibiti sau takwas ba ta kai ƙara mutum goma riba ba.

Mataki na biyar: a ƙirƙiro bayanan kwaikwayo a gwada hanyoyin a kansu

Da an shigo da fashi da alaƙa mai raguwa da tazara marar daidaito, lissafin hannu ya ƙare, G*Power ma, wadda ake samu daga Jami'ar Heinrich Heine ta Dusaldof a Jamus, alaƙa ɗaya tak take karɓa. A nan sai kwaikwayo. A manhajar R, umarnin mvrnorm na ƙunshin MASS yana karɓar matsakaitan lokuta huɗun da jadawalin alaƙa ya fitar da mutanen ƙirƙira iya adadin da ake so. A fara da set.seed domin a iya maimaita aikin. A fitar da rukuni biyu, a goge wasu awo bisa tsarin fashin da ake tsammani, ana tsananta shi a awo na uku da na huɗu, sannan a bi da kowace hanya a kan waɗannan bayanai ɗin dai, a rubuta ko darajar p, lambar da ake yanke hukuncin an ga bambanci da ita, ta sauka ƙasa da 0.05. A maimaita sau dubu ko fiye. Kason lokutan da hanya ta gano bambanci shi ne ƙarfinta. Wajibi ne duk hanyoyin su sha daga bayanai ɗaya a kowane zagaye, in ba haka ba sa'a za ta shiga cikin kwatancen. A kuma riƙa ƙirga zagayen da tsarin gauraye ya kasa kammala lissafi, domin idan aka zubar da su shiru, sai ya fito da kyau fiye da yadda yake.

Zagayen farko kuwa ba na ƙarfi ba ne. A sa bambancin rukunonin ya zama sifili, a ga sau nawa kowace hanya za ta ce ta ga wani abu. Da maimaici 1,000, hanya mai gaskiya za ta faɗo tsakanin 0.036 da 0.064 a mafi yawan lokuta. Bradley ya ba da iyaka mai sassauci a 1978, daga 0.025 zuwa 0.075. Duk wadda ta haura wannan ta fita daga gasar, komai yawan ƙarfin da za ta nuna daga baya, domin ba a gwada gudun wanda ya fara tun ba a busa usur ba. Waɗanda suka tsallake su ne za a saka wa bambancin maki 7, kuma a saka shi da siffa fiye da ɗaya: mai hauhawa a hankali, mai bayyana a goman ƙarshe kaɗai, da mai ɓacewa bayan Sallah. Jerin gwanaye yakan sauya daga wannan siffa zuwa waccan. Wanda ya riga ya sami bayanan share fage zai iya amfani da ƙunshin simr, wanda Green da MacLeod suka gabatar a 2016, shi kuwa wanda ba ya rubuta umarni, manhajar GLIMMPSE tana aiki a intanet kuma tana karɓar alaƙa mai raguwa.

Mataki na shida: a karanta sakamakon da taka-tsantsan

Kwaikwayo ma yana da nasa kuskure. Idan ƙarfi yana wajen kashi 80 kuma sau 1,000 aka maimaita, ma'aunin kuskuren maki 1.3 ne, saboda haka 79 da 81 ba su isa a ce wata ta fi wata ba. Da maimaici 10,000 yana sauka zuwa 0.4. Abin nema ba hanyar da ta yi zarra a yanayi guda ba ce, a'a, wadda ba ta faɗi warwas a kowane yanayi mai yiwuwa ba. Idan biyu suka yi kusa, ni ina zaɓar wadda ɗalibi zai iya bayyana wa kwamitin jarrabawa da bakinsa.

Abu biyu ne zan ce a guje musu. Na farko shi ne ƙarfin da SPSS ke bugawa a gefen sakamako bayan an gama bincike. Hoenig da Heisey sun nuna a 2001 cewa darajar p ce kawai ta sake riga: idan p tana daidai 0.05, wannan ƙarfi yana wajen kashi 50, don haka ba ya ƙara wani sani. Na biyu shi ne ɗauko girman tasiri daga sakamakon SPSS na wani bincike a zuba shi kai tsaye cikin G*Power ba tare da sauya zaɓin yadda ake fassara shi ba, domin alaƙar ta riga ta shiga cikin lambar, sai a ƙirga ta sau biyu, adadin mutane ya fito ƙarami ainun.

Mataki na bakwai: a rubuta zaɓin kafin a auna mutum na farko

A cikin daftarin da za a miƙa wa kwamitin ɗa'ar bincike, a bayyana tambaya ta farko, hanyar nazarinta, siffar alaƙa da inda aka samo ta, kason fashi, yawan maimaici da lambar da aka ba set.seed. Gwada hanyoyi biyar a kan bayanan ƙirƙira shiri ne, amma gwada su a kan bayanan gaskiya don a ɗauki wadda ta ba da p mafi ƙanƙanta yana rusa iyakar 0.05 ɗin da aka yi alkawari.

Ita ɗalibar ta tsaya a kan awon ashirin da biyar ga wata a matsayin babbar tambaya, da awon Sha'aban a matsayin tushe, a cikin tsarin gauraye mai gyaran Kenward da Roger domin kada awon waɗanda suka tafi i'itikafi ya salwanta. Ba ta yarda ta dogara da alaƙa 0.7 ba tunda wata guda ne tsakanin awon biyu, sai ta ɗauki 0.5, wanda ya ba da 48 a kowane rukuni, ta yi tanadin fashin kashi 20 cikin ɗari, adadin ya koma 60. Jimilla 120 ke nan, ninki biyar na abin da ta shigo da shi, wanda ya sa ta nemi izinin ɗaukar mahalarta daga cibiyar lafiya ta biyu tun kafin Sha'aban ya kama.